Padre Leoncio da Juma'ar da Ba a Harbe Ni Ba

Kafin a busa ƙahon tashi, Padre Leoncio Abarquez, fadan coci na rundunarmu, ya riga ya aske gemunsa da ruwan sanyi a gaban madubin motar sintiri. Daga nan sai ya jera akwatunan harsashi biyu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai, ya yi mana sujadar safe. Wata rana mutum talatin su zo, wata rana mutum uku da karen sansani, amma muryarsa ɗaya ce, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Idan ya gama, ba ya wucewa teburin hafsoshi inda ake ajiye masa kujera da kofi mai madara. Sai ya naɗe hannun riga ya shigo kicin ɗina, ya kife bokiti ya zauna a kai, ya ce, "Manong Kopyo, ina albasar?"

Haka ya yi wata tara cur a Timor, lokacin da aka kai mu aikin kiyaye zaman lafiya bayan an ƙone ƙasar. Kuma wata taran nan, ban yarda da shi ba ko na yini ɗaya.

Ni ne Manong Kopyo ɗin, Manong kuwa a yarenmu babban yaya ke nan. Procopio Dumalagan, saje mai ritaya, ɗan Samar, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana ciyar da soja. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da masu zaman suka fi ni da shi ba. Kwanton ɓauna uku na shiga a Mindanao, can kudancin ƙasarmu, na fito da ludayina a hannu. Jirgin ruwa ya kife da mu arba'in, ni na iso gaɓa da tukunya a ka. Maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, shi ke rubuta wannan ina faɗa, kuma in ya gama surukata za ta karanta mini, don kada ya ƙara nasa. Ƙarshen watan nan Padre zai ajiye aiki a ƙaramar cocin da ya riƙe tun da ya bar soja. Ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji ta ce wani ya yi magana a kansa. Na ce ni zan yi, domin duk cikinsu babu wanda ya sa masa ido kamar ni.

Ku duba mini fa. Mutum da aninai a kafaɗa, kyaftin sukutum, ya karanta littattafan da sun fi buhun shinkafa nauyi, me yake nema a kan bokiti yana zubar da hawaye a kan albasa? Kicin shi ne inda soja ke sakin baki. A nan ake zagin kwamanda, a nan ake jin wa ya tsallake shinge ya je shan giyar dabino a ƙauye. Tun mako na farko na ce wa yaran kamfaninmu, "Ku yi hattara, wannan kunnen kwamanda ne aka sa wa gicciye." Na ma gwada shi. Na faɗi wata ƙarya a gabansa, cewa an sayar da man janareta, na zauna ina jiran a busa usur a tara mu. Kwana bakwai shiru. Na ce a raina, lallai wannan gwani ne, ya gane tarko.

Wasiƙun matata, Consorcia, shi ke karanta mini su. Ya buɗe ya ce, "Ta ce tana kewarka, ta ce ka kula da ƙafarka." Ni kuwa shekara talatin ina tare da matar nan, ban taɓa jin ta yi kewar kowa ba sai aladenta da ya mutu. Na ce, "Padre, takarda shafi uku, abin da ke ciki ke nan?" Ya ce, "Sauran bayani ne a kan rufin ɗaki." Da na koma gida na tambaye ta. Ta ce, "Kewa? Shafi biyu da rabi zaginka na yi, tsohon banza, ka tafi ka bar ni da rufi yana yoyo!" Amma maganar ƙafar tana ciki, a layin ƙarshe. Kun ga ke nan zargina ba a banza yake ba. Mutumin yana tace magana.

Sai dai abin da mutane suka gani da idonsu ba zan ɓoye ba. Saje Hadjirul, Musulmi ɗan Sulu, yana raye, ku tambaye shi. Su shida ne Musulmi a cikinmu, kuma mako biyu na farko shinkafa da sardin gwangwani kawai suke ci, don kusan komai nawa da man alade nake soyawa. Padre ne ya hau mota ya yi tafiyar awa huɗu, ya dawo da sabuwar tukunya da sabon ludayi, ya ɗaura musu jan zare, ya ce mini, "Manong, wannan in alade ya ko kalle ta, ni da kai ne." Na ce ka ji, zai mai da su Kirista da tukunya. Har muka dawo bai ce musu uffan a kan addini ba, sai ma in lokacin sallarsu ya yi ya kori masu karta daga tantin. Da zazzaɓi ya kwantar da mutum goma sha ɗaya, shi ne mai kwashe bokitin amai. Kai ne, Padre, wanda na gani yana wanke wa farabiti ƙafa da tsumma, alhali kai ma jikinka rawa yake yi. Na gani, na rubuta a zuciyata, amma na ce bari dai mu ga ƙarshensa.

To ga abin da ya sa na karɓi maganar nan.

Ina da riga. Duk wanda ya yi soja da ni ya san ta. 'Yar shara ce fara da kakana ya bar mini, an zana ido a cikin dala a ƙirjinta, an kewaye shi da rubutun addu'a. Anting-anting ce, wato layarmu ta tsari, ta gaske, ba irin ta bakin kasuwa ba. Ba a wanke ta, ba a bari mace ta tsallaka ta, kuma kowace shekara ranar Juma'a Mai Tsarki da ƙarfe uku na rana, sa'ar da Ubangiji Yesu ya cika a kan gicciye, ake sabunta ƙarfinta. A garinmu a wannan sa'ar ce masu laya ke fita bayan gari su gwada, wani da adda, wani da bindiga. In sa'ar ta wuce, sai wata shekara.

Akwai wani kofur a kamfaninmu, Nemesio Tabuzo, ɗan Bicol, mai 'ya'ya uku. Babu wanda ya kai shi iya harbi, kuma babu wanda ya kai shi rashin kunya. Ranar Lahadin ganyen dabino, saura kwana biyar Juma'a Mai Tsarki, ina raba abincin rana, ina ba sababbin soja labarin kwanton ɓauna na biyu, sai ya miƙo kwanonsa ya ce, "Manong, ni fa abu ɗaya ke damuna. Harsashi ne ba ya shiga jikinka, ko kuwa dai ba ya zuwa kicin?"

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Rigar maganin fantsamar mai ce, aboki!" Wani ya ce, "Wari ne ke korar harsashin!"

Na ajiye ludayi. Na ce, "Kai Tabuzo, ranar da na fara jin ƙarar bindiga, uwarka ba ta san sunan ubanka ba. Juma'a, ƙarfe uku, a busasshen rafin bayan sansani. Taku ashirin. Ka zo da bindigarka, ni zan zo da ƙirjina."

Ya yi dariya, yana jira in yi. Ban yi ba. Sai tasa ta tsaya. Mutum sittin sun ji, kuma a cikin soja maganar da mutum sittin suka ji ba ta komawa ciki. In na janye, sunana ya mutu, gara a ce ni ne na mutu. In shi ya janye, har ya tsufa matsoraci za a kira shi. In kwamanda ya ji, mu biyu za a tuɓe mana kaki a sa mu a jirgi, ni da saura shekara ɗaya in yi ritaya. Saboda haka kowa ya kama bakinsa, aka bar ni da rigata da ranar Juma'a.

Ba tsoro na ji ba, a rubuta wannan da kyau. Gishiri ne kawai na zuba sau biyu a miyar Litinin, ranar Talata kuma shinkafa ta kama, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Padre na zaune a kan bokitinsa. Ya ɗanɗana miyar, sannan ya ce, "Manong, ko zan iya ganin rigar nan da ake ta magana?"

Na ce a raina, yauwa, ga shi ya fito fili. Ƙwacewa zai yi ya ƙone, ko ya kai wa bishof. Na ɗage kakina kawai, ban tuɓe ba, hannuna ɗaya a kan wuƙar nama. Ya sa tabarau ya sunkuya ya daɗe yana bin rubutun da ido. Na ce, "To? Latin ne ko ba Latin ba ne?"

Ya ce, "Ya yi kama da shi."

"Me ya ce?"

Ya cire tabarau ya ce, "Wanda ya rubuta wannan yana ƙaunarka ƙwarai, ba ya son komai ya same ka." Ya koma kan albasarsa. Na jira wa'azi, na shirya amsoshi har uku. Wa'azi bai zo ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ranar Laraba aka tara mu fareti. Kwamanda na tsaye, Padre na gefensa, tare da wata tsohuwa 'yar ƙauyen Berelau da ke kan tudu sama da mu. Tia Ermelinda sunanta, ita ke riƙe da mabuɗin cocinsu, ko da yake cocin ba ta da ƙofa tun da aka cinna mata wuta. Na dubi Tabuzo, ya dube ni. Na ce shi ke nan, an sayar da mu. Sai Padre ya fara magana, shi da ya koyi yarensu a wata uku. Ya ce mutanen Berelau suna da sassaƙen Yesu kwance a makara, irin wanda mu muke kira Santo Entierro. Da masu ƙone-ƙone suka zo, mata ne suka binne shi a gonar masara. Yanzu sun tono shi, suna so su zagaya da shi ranar Juma'a yadda suka saba, amma mazansu masu ƙarfi wasu an kashe, wasu an kora su hayin iyaka. Suna roƙon kafaɗu shida.

Ya ce, "Gaba ta dama wurin dattijo ne. Manong Kopyo, kai ne babbanmu."

A gaban kwamanda, a gaban tsohuwar da ke kallona kamar ɗanta ya dawo, me zan ce? In ce ina da alƙawarin a harbe ni? Na ce, "Ƙarfe nawa, Padre?"

"Biyu za a ɗaga. A koma coci kafin rana ta faɗi."

Sannan ya ce masu ɗaukar gaba dole kafaɗarsu ta zo daidai, in ba haka ba makara za ta karkace. Ya ɗauko sandar gora, ya sa kan ɗaya a kafaɗata, yana bin layi yana ɗora ɗayan a kan kowa. Wannan ya yi tsawo, wannan ya yi gajarta. Mutum hamsin ya wuce. Da ya zo kan Tabuzo ya ce, "Kai, kamar tagwaye!" Jama'a, Tabuzo ya fi ni tsawo da yatsa biyu. Na gani da idona, Padre ya karkata sandar.

Ranar Juma'a muka hau tudun ba takalmi, ba bindiga, don masu ɗaukar Ubangiji ba sa riƙe makami. Rigata na ciki. Na yi dabarata: in uku ta kusa, za a sauke a huta, mu sulale, rafin ba shi da nisa, bindiga kuma akwai wanda zai kawo. Sai da muka sa kafaɗa Tia Ermelinda ta yi magana, Padre ya fassara. A Berelau in an ɗaga makarar, ba ta taɓa ƙasa sai a cikin coci. Da suna da sanduna masu baki biyu da ake tokare ta a huta, amma sun ƙone.

Na ɗauki buhuna a rayuwata, na ɗauki mutane masu rauni, amma ban taɓa ɗaukar itace mai nauyin wannan ba. Ya sha ruwan ƙasa wata bakwai. Tasha goma sha huɗu aka yi, kowace a tsaya a yi addu'a da nauyin a wuyanmu. Muna tsakiyar gangare mafi tsayi, tsakuwa na cin tafin ƙafa, tsofaffin mata da baƙaƙen mayafai suna biye dab da mu suna waƙar makoki, sai aka buga ƙarfen taya da suka rataye a madadin ƙararrawa. Sau uku.

Tabuzo ya ce ƙasa-ƙasa, "Manong, uku ta yi."

Na ce, "Na ji, ba kurma ba ne ni."

"Yaya za mu yi?"

Na waiwaya. In na zame kafaɗa, itacen nan kan matan zai gangara. Ga Tia Ermelinda ta ɗora tafinta a kan ƙafar sassaƙen tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, daga baya na ji na 'ya'yanta ne. Sai ga Padre a gefena, da littafinsa a buɗe, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Manong, ɓangarenka ya yi ƙasa. Ɗaga, kada ya zame."

Na ɗaga. Muka yi taku goma. Sai na ji makarar na rawa ta hagu. Tabuzo ne ke kuka, ƙato da shi, majina har gemu. Ya ce, "Manong, tun Lahadi abinci ba ya wuce mini wuya. Ni ba na kuskure. Ka san ba na kuskure. Me zan ce wa matarka?"

Na ce, "Rufe mana baki ka riƙe itace, ɗan Bicol, kana girgiza Ubangiji." Ni kuma gumi ne ya shiga idona, rana ta yi zafi sosai ran nan.

Sai biyar da rabi muka sauke a coci. Sa'a ta wuce. Da muka koma sansani babu wanda ya ce na gudu, babu wanda ya ce Tabuzo ya tsorata. Aiki ne ya hana, kuma kowa ya ga kafaɗunmu sun saɓule. Yaran ma cewa suka yi, "Tabuzo ya yi sa'a, da harsashinsa ya dawo masa."

Abin da zan faɗa yanzu mu biyu kaɗai muka sani, kuma Tabuzo ya riga ni gidan gaskiya shekara huɗu da suka wuce. Washegari Asabar akwai gwajin bindigogi a filin harbi. Da aka watse, na ce masa ya tsaya. Na tuɓe rigar, karo na farko a gaban wani, na sa wa kututturen ayaba, na ƙirga taku ashirin. Na ce, "Ɗaya tak." Ya harba. Muka je muka duba. Harsashin ya shiga ta tsakiyar idon da ke ƙirji, ya ratsa ayabar, ya fita ta baya, ya bar rami da zan sa dunƙulena a ciki. Tabuzo ya zauna a ƙasa. Na ce, "Asabar ce. Kuma ayaba ba jikan kakana ba ce." Har yau a kan haka nake. Amma na daɗe ina kallon ramin nan.

Da Padre ya shigo kicin ranar Ista na tare shi. Na ce, "Wa ya gaya maka? Tabuzo ya zo furta zunubi, ko? Ashe abin da aka faɗa maka a asirce kana aiki da shi?"

Ya ce, "Manong, abin da na ji a wurin furta zunubi, ko ni ban ji shi ba. Amma kai in kana magana a kicin, har Ostireliya ana ji. Ina bayan tanti ina wanke kwano ranar Lahadin."

"To me ya hana ka kai wa kwamanda?"

"Da an kore ka."

"Me ya hana ka yi mini wa'azi?"

"Da ka je rafin tun ƙarfe biyu."

Na ce, "Sandar fa? Ka karkata ta."

Ya ce, "Ƙasar wurin ce ba daidai ba." Fada guda, ranar Ista, ya dubi idona ya faɗi haka.

Kai ne, Padre Leoncio, mai jin magana ya haɗiye. Kai ne ka ga tsohon da girman kai ya ja shi bakin rami, ba ka kunyata shi ba, ba ka kai ƙararsa ba, ka nemo masa kaya mai nauyi ka ɗora masa har sa'ar ta wuce. Da kwamanda ya gano ka sani ka yi shiru, aninanka ne za su tafi, kuma ka san haka. Shekara ashirin da biyar ke nan, mun haɗu a bukukuwa da jana'izu, ka yi wa jikokina biyu baftisma, ba ka taɓa ɗaga mini gira a kan zancen ba. Na yi ta jira ka ba da labarina a kan bagade don mutane su yi dariya su ɗauki darasi. Na sa 'yan leƙen asiri a cocinka, ƙanwar matata da mijinta. Ba su taɓa kawo mini komai ba.

Ku fadoji matasa da ake sa wa kaki a tura ku ƙasashen mutane, ku je ku gan shi tun yana da ƙarfin magana. Soja a ƙasar da ba tasa ba, ba maƙiyi kaɗai ke kashe shi ba. Kewa da zaman banza da bakin abokai sun isa. Ku zauna inda suke zama, ku ji, ku riƙe, kuma ku san mutanenku har ku gane wanda wa'azi zai tura rami da wanda zai fitar. Ku kuma tsofaffin abokan aikina, kada ku jira sai an sa mutum a akwati kafin ku ce ya yi.

Na gode, Padre. Consorcia ma ta ce in ce ta gode, kuma wannan karon da bakinta ta faɗa, na ji da kunnena.

Ranar Lahadi zan hau jirgin ruwa in zo sujadarka ta ƙarshe, in zauna a layin gaba. Duk mai shakkar labarin nan ya same ni a bakin coci, zan buɗe masa ƙirjina ya duba. Shekara saba'in da tara, babu tabo ko ɗaya. Na daɗe ina cewa aikin kakana ne, kuma ban janye na Mindanao ba. Amma na Timor, naka ne.